Agogon Wane Ne?

An sha yi mini gori cewa ƙwaƙwalwata ta zama rariya, kuma ban taɓa musu ba. Ko jiya sai da na tashi gidan nan kaf da neman tabarau, alhali yana bisa hancina. Amma akwai wata la'asar guda, a wani aji a nan Wudil, wadda ko ranar da za a tambaye ni sunan unguwarmu in kasa faɗa, ita tana nan daram ba inda za ta. Ba zan kama sunan kowa ba a labarin nan. Mutumin da zan ba da labarinsa ya yi rayuwarsa duka bai kama sunan ɗansa ba, to ba ni ne zan zo in kama nasa a takarda bayan ƙasa ta rufe masa ido ba.

Bari in fara da ilimina, don kada a raina ni. Na yi firamare har aji huɗu, kafin mahaifina ya lura cewa jakin da ke kai mana tukwane kasuwa ya fi hedimasta buƙatata. Saboda haka a majalisarmu ta bakin titi ni ne Bature. In aka kawo kwalin magani ni ake miƙa wa, in juya shi, in yi gyaran murya, in ce a sha safe da yamma. Kowane magani haka nake cewa, kuma Allah Ya rufa asiri, iyakar sanina ba wanda aka binne ta dalilina.

Wanda labarin yake kansa taubashina ne, ɗan kawuna. Shi yana ce mini bawansa, ni ina ce masa sarkin rowa, haka muka taso har gemunmu ya yi fari. Manomi ne daga wajen Darki, yana da 'yan shanunsa, da girma ya kama shi ya dawo cikin gari kusa da ni. Dogo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa, kuma Allah Ya zuba masa kunya irin ta mutanen da.

Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba sai dai a labari. A zamaninmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna shi a taro ya ce nawa ne. Duk mun yi, ni ma na yi, amma da shekaru suka tura sai kowa ya ɗan sassauta. Shi kam taubashina ƙara ɗaurewa ya yi. Tun da aka yaye yaron ya miƙa wa wansa riƙo, a can ya tashi, da sunan Baffan nasa aka sa shi makaranta. In aka tambayi taubashina 'ya'yansa nawa, sai ya lissafa matan ya tsallake na farin. In dole ta kama a yi maganarsa sai ya ce "wancan," ko "mutumin gidan can." Akwai wani mai sayar da kifi a bakin gada da suke suna ɗaya da yaron, shi ma bawan Allah sunansa ya haramta a bakin taubashina, sai dai "kai mai kifi." In suka yi kiciɓis da ɗan a lungu, yaron ya durƙusa yana gaisuwa, sai ka ga uban ya juya yana duba katangar mutane kamar shi aka ba kwangilar yaɓenta.

Yaron ya girma, ya yi karatu, ya zama malamin Turanci a wata sakandare, har duk garin aka koma ce masa Malam. Ya san al'ada, bai taɓa ƙorafi ba muddin Baffansa na raye. Bayan Baffan ya rasu ne abin ya fara yi masa ciwo, sannan wata tifar yashi ta buge shi a kan babur kusa da gada, aka kwashe shi sai Kano. Ya daɗe a kwance. Tare muke zuwa dubiya da taubashina, shi ne ma yake tashina tun da sassafe mu kama mota. Amma da mun isa asibitin sai ya nemi gindin darbejiya a waje ya zauna, ni in shiga. In na fito ya tare ni da ido, ya ce, "Yaya mai jikin?" Ko sau ɗaya bai taka ƙofar ɗakin ba. Na gaya wa Malam ubansa na waje. Ya dubi silin ya ce, "Na ji, Kawu."

Ana nan, wayar hannu ta shiga aljihun kowa, jikoki suka fara gulmarmu da Turanci a kan idonmu. Sai wani ɗalibin jami'a ya buɗe wa dattawa aji, bayan sallar la'asar, a wata firamare da aka ara mana ɗaki. Na je na rubuta sunana don in taimaka wa malamin, tun da ni na riga na yi nisa. Na kuma ja taubashina da ƙarfin tsiya, na ce masa ba zan yarda a ce ubangidana jahili ne ba. Mun taru da dama: akwai tela, akwai mahauci, akwai wani maigadi a jami'a, mutumin Gashuwa, wanda bai daɗe da zuwa garin ba, ga shi da zafin karatu kamar gobe za a yi masa jarrabawa.

Ɗalibin ya gama karatunsa ya koma garinsu, aji ya zama ba malami. Rannan muna zaune a kan bencin yara, gwiwoyinmu na taɓa haɓa, sai ga sabon malami ya shigo yana ɗan ɗingishi. Malam ne. Na ji taubashina ya ƙame a gefena. Ya laluba sandarsa zai miƙe, na danne masa riga, na raɗa masa, "In ka fita yanzu ka nuna wa duniya ka san shi. Zauna, ai baƙo ne." Ya harare ni, ya zauna. Washegari na ɗauka ba zai zo ba, sai na tarar ya riga ni, ya koma bencin ƙarshe, jikin bango, ya sunkuyar da kai. Ni da na san shi tun muna yawo ba wando, na gane abin da ya zaunar da shi. Nan ne kaɗai wurin da zai zauna ya sha muryar ɗansa har ya ƙoshi, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Malam shi ma ya kiyaye. In yana bin mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya, da ya zo kan bencin ƙarshe sai ya tsallake kamar ba kowa a wurin. 'Yan gari duk sun san dalili, ba mai ɗaga ido.

Wata rana bayan an tashi Malam ya tsayar da ni. Ya ce ya samu aiki a wata makaranta a can Abuja, zai kwashe matarsa da yara su koma gaba ɗaya, har ya yi magana da mai motar da zai ɗauki kaya ranar Asabar ta sama.

Na ce, "Ikon Allah. Wudil ce ta yi maka kaɗan?"

Ya ce, "Kawu, me ya rage mini a nan? Tun da Baffa ya rasu ni maraya ne."

Na ce, "A'uzubillahi. Ubanka na raye, yanzun nan ya fita da sandarsa. Kai ba ka san irin son da mutumin nan yake maka ba? Ni na ga yadda ya rame lokacin da kake asibiti."

Ya ce, "Ku kuke faɗa, Kawu. Kullum ku kuke faɗa. Na kwanta ina jin ƙamshin mutuwa, ina kallon ƙofa. Na san al'ada, ban ce ya rungume ni ba. Amma mutum ya haura arba'in bai taɓa jin wani mai rai ya ce wannan nawa ne ba? Gara in je inda na san ba ni da kowa, in daina kallon ƙofa."

Na nemi abin tsokana na rasa, abin da bai cika faruwa da ni ba.

Na san abin da tafiyar nan za ta yi wa taubashina. Sauran 'ya'yansa mata ne, aure ya watsa su garuruwa. Jikokin nan na gidan Malam su ne rayuwarsa. Duk abin da ya kasa yi wa uban, a kansu yake saukewa: ya goya wannan, ya kira waccan amaryarsa, ya cika aljihu da gyaɗa saboda su. In motar nan ta tashi, ba ɗa kaɗai za ta tafi da shi ba, da sauran kwanan tsohon za ta tafi.

Na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Na zayyana masa komai, ban rage ba. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Allah Ya ba da sa'a."

Na ce, "Kai sarkin rowa, yau rowar taka har ta kai ga kalma? Magana ɗaya yaron nan yake nema. Ba saniya ya ce ka ba shi ba."

Ya ce, "Ni ubana bai faɗa mini ba, kuma ga ni ban mutu ba."

Na ce, "Ba ka mutu ba, amma ka ji daɗi?"

Na dai lura igiyar da yake tufkawa ta warware a hannunsa, ya sake kamawa, ta sake warwarewa. Mutumin da ko ido rufe yake tufka.

Ranar Alhamis ita ce darasin Malam na ƙarshe, ya kuma faɗa wa aji haka tun da ya shigo. Aka yi ta salati, tela ya ce to mu kuma wa aka bar wa mu? Malam ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ɗauki alli, ya ce yau za mu koyi yadda Bature yake nuna mallaka, wato yadda ake cewa abu kaza na wane ne.

Ya ce mu a Hausa kaya muke fara ambata, mai kaya ya biyo baya: fartanyar manomi, wuƙar mahauci. Shi kuwa Bature mai kaya yake sawa a gaba, ya rataya masa wata 'yar ƙugiya a sama, ya bi ta da harafin s, sannan kayan su biyo. Ya rubuta a allo: the farmer's hoe. Ya sake rubutawa: the butcher's knife. Ya nuna 'yar ƙugiyar ya faɗi sunanta na Turanci, wani dogon suna kamar na maganin hawan jini, wanda ban riƙe ba kuma ban yi nadama ba. Ƙugiya dai muka ci gaba da ce mata.

Na ɗaga hannu, don a san akwai manya a ajin. Na ce, "Malam, wannan ya nuna maka halin Bature. Mu muna ganin kaya mu yi sha'awa, daga baya mu tambayi na waye. Shi tun kafin ya faɗi ko mene ne abin, ya riga ya tsaya a gabansa." Aka yi dariya, mahauci ya ce in zauna, aji huɗu ba digiri ba ne.

Mahaucin ne ya tambaya, to in masu kayan suna da yawa fa, kamar rumfarmu ta mahauta? Malam ya ce in sunan ya riga ya ƙare da s saboda yawa, ba sai an ƙara wani ba, ƙugiyar kawai za a rataya a bayansa. Ya rubuta: the butchers' shed. Tela ya karanta na mutum ɗaya, ya karanta na mutane da yawa, ya ce shi a kunnensa duk ɗaya ne. Malam ya ce haka ne, a baki ɗaya suke, sai a rubuce ake bambancewa. Na ce, "Ashe shi ya sa Bature ba ya yarda da magana sai an sa hannu a takarda. Yarensa ne ya cuce shi." Har Malam sai da ya dara.

Daga nan ya ce in kai ne mai abu ba ruwanka da ƙugiya, akwai 'yan kalmomi da suke ɗauke maka nauyin: my, your, his, her. In kuwa abin na wani naka ne, sai ka haɗa biyun, ka ce naka ne mutumin, shi kuma mutumin nasa ne kayan. Ya rubuta: my brother's farm. Muka bi shi muna maimaitawa da ƙarfi, har awakin da ke kiwo a filin makaranta suka ɗago kai. Na saci kallon bencin ƙarshe. Taubashina bai buɗe baki ba, kamar kullum, amma idonsa na kan allo, ba a ƙasa ba.

Sai Malam ya aro faifai a wajen mai gyaɗar bakin ƙofa, ya ce kowa ya sa wani abu nasa a ciki. Tela ya sa almakashi, mahauci ya sa hularsa mai maiƙo, ni na sa goro ɓari ɗaya na ce kuma a ƙirge yake, maigadi ya sa usur. Malam ya kwance agogon hannunsa ya ajiye. Dokar wasan ita ce, faifai zai zaga, kowa ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya miƙe ya faɗi na wane ne da Turanci. In ya faɗa daidai, duk aji mu maimaita.

Faifai ya zaga. An yi ɓarna iri-iri. Tela ya mallaka wa hula mahauci a maimakon ya mallaka wa mahauci hula, mahauci ya ce ai gaskiya ya faɗa, hular ta girme shi. Ni na ɗauki almakashi na faɗa tsaf, ba don yabon kai ba. Kaya suka yi ta raguwa, kowa na kauce wa agogon saboda girmamawa, har faifai ya iso hannun maigadi, wanda yake bencin da ke gaban na taubashina. Ya ɗauki gorona ya faɗa, muka maimaita. Saura agogo kaɗai.

Malam ya miƙo hannu ya ce, "To madalla, kawo faifan."

Maigadi ya riƙe. Bawan Allah bai san komai ba, baƙo ne, kuma mutum ne mai son adalci. Ya ce, "A'a Malam, saura mutum ɗaya. Ni fa na daɗe ina lura, kullum sai ka tsallake dattijon nan. Shi ba ɗalibi ba ne? Yau rana ta ƙarshe, a ba shi haƙƙinsa." Ya juya ya ɗora faifan a gaban taubashina, ya ce da Turancinsa na gadi, "Baba, whose watch?"

Kana jin tifofi suna hawa gada can nesa. Mahauci ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Tela ya zura wa almakashinsa ido. Malam ya tsaya da hannu a miƙe, ya kasa gaba ya kasa baya.

Na ga dai ni ne zan yi ceto. Akwai amsa mai sauƙi wadda ba za ta ƙona kowa ba. Na karkata na raɗa masa, yadda rabin ajin zai ji, "Ka ce na malami ne. The teacher's watch. Faɗi mu tashi, ubangidana, kada magariba ta same mu."

Bai kalle ni ba. Ya sa hannu ya ɗauki agogon. Ya dafa sanda ya miƙe tsaye, kamar yadda ya ga kowa na yi. Tsayinsa ya cika lungun. Bai dubi Malam ba, agogon yake kallo. Sannan muryar da ajin bai taɓa ji ba ta fito, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsallaka kogi a kan duwatsu.

"This is… my son's watch."

Ba wanda ya maimaita. Yaya za mu maimaita? Ba ɗanmu ba ne.

Maigadi ya yi 'yar dariya ta tausayi, ya ce, "Ayya Baba, ka yi ƙoƙari, amma ka yi kuskure. Ba na ɗanka ba ne, na Malam ne. Sai ka ce…"

Malam ya riga ya juya mana baya, yana fuskantar allo. Daga can muka ji muryarsa, da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Bai yi kuskure ba."

Maigadi ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Ya dafe baki ya ce, "Innalillahi," ya sulale ya zauna.

Malam ya ɗaga alli zai rubuta jimlar, kamar yadda yake rubuta ta kowa. Ya rubuta kalma biyu, allin ya karye. Ya ɗauki guntun ya ƙarasa, rubutun ya karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Ya daɗe a tsaye a wurin, kafaɗunsa suna motsi, mu kuma dattawa muka ga ya dace kowa ya duba abin da ke cikin aljihunsa. Taubashina ya ajiye agogon a faifai a hankali, ya ja sandarsa ya fita. Na bi shi.

Mun yi tafiya mai nisa. Sai da muka wuce rumfunan masu tukwane na ga in ban yi magana ba zan yi abin da bai dace da gemuna ba.

Na ce, "To, yau dai an zubar mana da mutuncin dangi a gaban tela da mahauci."

Ya ce, "Me na yi?"

Na ce, "Au, tambaya ma kake? Da kunnena na ji."

Ya ce, "Tambaya aka yi mini a aji na ba da amsa. Da Hausa ka ji na faɗa?"

Na ce, "Wato kunyar taka ba ta yi boko ba, ba ta san abin da ka ce ba."

Ya ce, "Rufe mini baki, bawan banza." Ya sa hannun riga ya share fuska, ya ce wai hayaƙin masu suyar kifi ne, alhali mun baro su tun tuni.

Duk da haka raina bai kwanta ba, don magana daban, motar kaya daban. Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, garin ya cika da 'yan kasuwa, ban ga Malam ba, ban ga uban ba. Asabar da hantsi na ɗauki sandata na nufi gidan Malam, wai na zo sallama. Ba mota a ƙofar gida. Na yi sallama na shiga, na tarar da matarsa a tsakar gida a tsakiyar buhuna, tana kwance ƙullin kwanuka.

Ta ce, "Kawu, sannu da zuwa. Ka ga aikin da ɗanku ya sa ni. Na ɗaure, yanzu kuma wai in kwance."

Malam ya fito daga ɗaki, ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Ina motar?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi katanga, ya ce, "Kawu, na duba na ga ajin nan ba mu kai ƙarshen littafi ba. Bai kamata a bar dattawa a tsakiyar hanya ba."

Na ce, "Gaskiya ne. Musamman ni, da na kusa zama farfesa." A raina kuwa na ce, kai dai ɗan ubanka ne, har kallon katangar.

Kada mai karatu ya ɗauka daga ranar suka koma hira a tabarma ɗaya. Ina! Taubashina ya ci gaba da zama a bencin ƙarshe, mai kifi ya ci gaba da zama ba suna. Sai dai Malam ya daina tsallake shi a aji, shi kuma in an tambaye shi yana amsawa. In ɗan ya gaishe shi a lungu, ya rage duban katanga, yakan ce "lafiya lau" har a ji.

Taubashina ya ƙara 'yan damina kafin ciwon ajali ya kwantar da shi. Malam ne ya yi jinyarsa. Shi ke ɗaga shi, shi ke juya shi, shi ke ba shi kunu a baki, tsohon kuma ya bari, wanda a wurinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ina zaune wata rana wani sabon likita ya shigo, ya ga yadda Malam ke tallafe da kansa, ya ce, "Baba, wannan wane ne a wurinka?" Tsohon ya buɗe ido da ƙyar, ya dube ni, na ga 'yar tsokana a ciki. Ya ce, "Malaminmu ne." Malam ya yi dariya, hawaye na zuba a kan hannun uban. Bai buƙaci a sake faɗa masa ba. Sau ɗaya aka faɗa, kuma ta ishe shi. Bayan 'yan kwanaki tsohon ya cika, Malam ne ya shiga kabari ya karɓi mahaifinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya kyautata namu zuwan.

Da muka dawo daga maƙabarta na zauna na yi tunanin kaina. Ni ma ina da 'yar fari, tana aure a Lajawa, har ta aurar da nata 'ya'yan. Na sa jikana ya kira mini ita a waya. Na yi gyaran murya na ce, "'Yata ce?" Ta ce, "Baba, lafiya kuwa? Ka sha maganinka?" Na ce na sha. Sai na ji tana jan hanci, ta ce in sake faɗa, wai layin ba kyau. Layin lafiyarsa ƙalau. Na sake faɗa.

Ban zama farfesa ba, Turancin ma yawancinsa ya bi rariya. Abin da ajin nan ya bar mini shi ne wannan: kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma wanda kake so ba ya ganin cikin zuciyarka, kuma saƙon da aka aiko ta bakin wani ba ya kashe ƙishi. In mutum naka ne, ka gaya masa da bakinka tun kunnensa na ji, kai ma numfashinka na fita. In harshenka ya yi maka nauyi, ka ari na wasu. Allah dai Yana jin kowane yare, ɗanka ma zai ji.